Jinya Daban, Sana'a Daban: Fasaha da Masu Raunin Fahimta a Abuja

Ranar 2 ga Afrilu, 2025, wadda ita ce ranar wayar da kai kan larurar otizim ta duniya, aka shimfiɗa wani zane a Dandalin Eagle da ke tsakiyar Abuja. Girmansa murabba'in mita 12,304, ya fi filin ƙwallo ɗaya da rabi. Wanda ya zana shi yaro ne mai otizim, Kanyeyachukwu Tagbo-Okeke, yana da shekara 15 a lokacin, kuma kundin bajinta na Guinness ya tabbatar cewa ba a taɓa yin zane a kan ƙyalle mai girman wannan ba. Ministar fasaha da al'adu, Hannatu Musawa, ta halarta. Gidajen jaridu na gida da na waje suka ɗauki labarin.

Na yi murna da wannan rana, kuma yaron da iyayensa sun cancanci duk yabon da suka sha. Damuwata tana wajen dubban iyayen da suka ga hoton a wayoyinsu a Nyanya da Kubwa da Gwagwalada, suka juya suka dubi nasu ɗan da ke zaune a kusurwar ɗaki. Wasu sun sami ƙwarin gwiwa. Wasu kuwa nauyi ya ƙaru musu, domin an nuna musu cewa mafitar irin wannan yaro ita ce ya zama abin al'ajabi. Yawancin 'ya'yanmu, masu larura da marasa larura, ba za su shiga kundin Guinness ba. Tambayar da ta fi dacewa ita ce: me zane da kiɗa da aikin hannu za su iya yi wa mutum mai raunin fahimta a ranar da babu minista, babu 'yan jarida?

Sai mun fara rarrabe abubuwa uku da bakin mutane ya cakuɗa. Raunin fahimta shi ne mutum ya taso tun yarinta da jinkiri wajen koyo da tunani da warware matsala, har ya shafi hidimominsa na yau da kullum kamar ƙirga kuɗi, sa tufafi ko zuwa aike. Bincike ya nuna kusan mutum 1 cikin 100 ne ke da shi a duniya. Ba taɓin hankali ba ne, wanda ciwo ne da kan sami mutum yana cikin hayyacinsa, kuma ana shan magani a sami sauƙi. Ba kuma otizim ba ne kai tsaye: akwai masu otizim da ke da raunin fahimta, akwai waɗanda basirarsu ta wuce ta tsaransu. Sanadin raunin fahimta yana da yawa. Akwai larurar Down, wadda ke faruwa idan aka haifi jariri da ƙwayar gado ta 21 guda uku maimakon biyu. Akwai doguwar naƙuda da ke hana jariri numfashi, da shawarar jarirai da aka yi sakaci da ita, da sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro idan ya hau kai, da ƙarancin sinadarin aidin a jikin mai ciki. Mu a Arewa muna da wani ƙarin tabo: gubar dalma da ta ɓulla a ƙauyukan haƙar zinariya na Anka da Bukkuyum a Zamfara a 2010 ta kashe yara fiye da 400, kuma cikin waɗanda suka rayu akwai waɗanda ta taɓa musu ƙwaƙwalwa har abada. Waɗannan yanzu samari ne da 'yan mata.

Ƙasar Hausa ta daɗe da tsara wa naƙasassu matsayi. Makafi na da sarki, guragu na da sarki, kutare ma haka, kuma ko a Abuja wanda ya shiga unguwar naƙasassu ta Karmajiji zai tarar da wannan tsari yana aiki. Makanta ba ta hana Aliyu Namangi na Zariya tsara Imfiraji ba, kuma ba wanda ya ce waƙarsa ta tausayi ce. Amma mai raunin fahimta ba shi da sarki, ba shi da ƙungiyar da shi kansa yake magana a cikinta. Sunayen da ake kiransa da su, dolo, gaɓo, ɗan ruwa, duk na kora ne. Idan gidan masu rufin asiri ne a ɓoye shi a ƙuryar ɗaki in baƙi sun zo. Idan na talaka ne a sake shi a titi yara su bi shi da tsokana. Uwarsa kuwa maganarta ɗaya ce, ko'ina ka same ta: "Wa zai riƙe mini shi bayan raina?"

A nan fasaha ke shigowa ta ƙofa biyu, kuma kuskuren da ake yawan yi a Abuja shi ne ɗaukar su a matsayin ƙofa ɗaya.

Ta farko ita ce jinya. Wani mai zane ɗan Ingila, Adrian Hill, shi ya fara kiran abin da sunan jinya da zane a 1942, bayan ya ga amfanin zane a kansa lokacin da yake kwance da tarin fuka. A ɓangaren kiɗa, Paul Nordoff da Clive Robbins sun fara aiki tare a 1959 da yara masu larurori masu tsanani a Ingila, kuma har yau ana koyar da hanyarsu. Mu ma muna da namu tarihin: a farkon shekarun 1950 Ulli Beier ya riƙa kai wa majinyatan gidan masu taɓin hankali na Lantoro a Abeokuta takarda da fenti, abin da suka zana ya zama littafi daga baya. Manufar jinya ba ta da alaƙa da kyan abin da aka yi. Mai jinyar yana da buri takamaimai ga kowane yaro, yana rubuta shi, yana bibiya.

Ga yadda abin yake a kusa. Yaro ne ɗan shekara tara da ba ya magana, ba ya haɗa ido, in an taɓa shi sai ihu. Mai jinya ta zauna a tabarma da ƙwarya biyu a kife, ɗaya gabanta ɗaya gabansa. Ba ta ce masa ya buga ba. Jira take yi har hannunsa ya faɗa kan ƙwaryar ko da bisa kuskure, sai ta maimaita irin bugun nasa daidai, da ƙarfinsa da tsawonsa. Ya sake, ta sake. Bayan makonni sai ta riƙa jinkirta amsarta da gangan, har ran da ya ɗago kai ya dube ta don ya ga me ya hana ta. Wannan kallon shi ake nema. Yaron ya gano cewa abin da ya yi yana sa wani mutum ya amsa, kuma kowa na da nasa lokacin. Daga nan ake gina jiran layi, da nuna abin da ake so da yatsa maimakon kuka, wani lokacin har da kalma. Haka yumɓu ke ƙarfafa yatsun da za su riƙe cokali da maɓallin riga, wasan kwaikwayo kuma ya zama wurin gwada yadda ake gaisuwa, da ciniki, da yadda ake cewa "a'a" ga wanda ya taɓa ka inda bai dace ba. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne ga 'yan mata masu wannan larura.

To shin yana aiki? Gaskiya ta fi daɗi a faɗe ta yadda take. A 2019 ofishin Turai na Hukumar Lafiya ta Duniya ya fitar da rahoto da ya tattara wallafe-wallafe fiye da 900 kan fasaha da lafiya, ya kuma nuna akwai amfani a fannoni da dama. Amma wani babban gwaji da aka wallafa a 2017, wanda ya ƙunshi yara masu otizim 364 a ƙasashe 9, bai ga bambanci a ma'aunin alamomin larurar ba tsakanin waɗanda aka yi wa jinya da kiɗa na wata biyar da waɗanda ba a yi wa ba. Bitar da cibiyar Cochrane ta yi a 2022 kan gwaje-gwaje 26 ta kammala cewa akwai yiwuwar jinyar na kyautata yanayin mutum gaba ɗaya da jin daɗin rayuwarsa. Abin da na fahimta daga duk wannan shi ne: kiɗa da zane ba sa cire larurar, ba sa mayar da ƙwayar gado ta uku, ba sa gyara abin da dalma ta lalata. Suna buɗe hanyar mu'amala, suna rage ƙunci, suna ba da abin yi mai ma'ana. Duk wanda ya ce wa iyaye zai warkar musu da ɗa da fenti, kuɗinsu yake so. A Ingila doka ta hana kowa kiran kansa mai jinya da fasaha sai ya yi karatun ya yi rajista. Iyaye a Abuja su ne za su tsare kansu: su tambayi ina ya yi karatu, mene ne burinsa ga wannan yaron, yaushe za a zauna a duba ko an ci gaba.

Ƙofa ta biyu ita ce sana'a, kuma ita ce aka fi yi wa rowa. A nan mutumin ba majinyaci ba ne. Ma'aikaci ne, abin da ya fito daga hannunsa ana duba shi da idon da ake duba na kowa.

A 1974 wasu ma'aurata, Florence Ludins-Katz da Elias Katz, suka buɗe wani ɗakin aiki mai suna Creative Growth a birnin Oakland na Amurka, don manya masu raunin fahimta su zo su yi zane da sassaƙa a matsayin aikin yini. Labarin Judith Scott ya isa ya nuna abin da wurin ya haifar. An haife ta a 1943 da larurar Down, kuma kurma ce, amma an shafe shekaru ba a gane kurumtar ba, aka yanke cewa ba za ta iya koyon komai ba. Tana da shekara bakwai aka kai ta gidan ajiye naƙasassu a jihar Ohio, ta yi shekara 35 a irin waɗannan gidaje. Tagwaiyarta Joyce ce ta ɗauko ta, ta kai ta Creative Growth a 1987. Kusan shekara biyu tana zuwa ba ta nuna sha'awar komai ba, ba kuwa wanda ya ce ta daina zuwa. Sai wata rana aka kawo mai koyar da aikin zare. Judith ta tsinci 'yan sanduna, ta fara naɗe su da zare da tsumma. Daga ranar har rasuwarta a 2005 abin da take yi ke nan: ta ɗauko abin da ta tsinta, makulli ne, takalmi ne, kujera ce, ta yi ta naɗewa tana ƙullewa makonni ko watanni har ya zama wata siffa da ba a taɓa gani ba. Gidan adana kayan fasaha na Brooklyn ya yi baje kolin ayyukanta a 2014, aka kuma nuna su a babban bikin fasaha na Venice a 2017.

Shekara biyun nan da aka yi ana haƙuri da ita, su ne suka fi tsaya mini a rai. Wace cibiya ce a nan za ta ci gaba da ba mutum kujera da kayan aiki wata 24 bai samar da abin nunawa ba?

Misali na biyu jininmu ce. Nnena Kalu an haife ta a Glasgow a 1966, iyayenta 'yan Najeriya ne. Tana da otizim da raunin fahimta, maganarta kaɗan ce. Tun 1999 take aiki da wata ƙungiya a Landan mai suna ActionSpace, tana naɗa zaren tsohon kaset na bidiyo da leda da igiya da ƙyalle su zama manyan dunƙule masu launi da ake ratayewa, tana kuma zana da'irori masu juyawa a kan manyan takardu. A Disamba 2025 ta lashe kyautar Turner, wadda ita ce mafi shahara a fagen fasahar zamani a Birtaniya, ta zama mai raunin fahimta ta farko da ta samu. Tsakanin shigarta ɗakin aiki da wannan kyauta shekara 26 ne. A fagen wasa ma haka: Pascal Duquenne, ɗan Beljiyam mai larurar Down, ya raba kyautar gwarzon ɗan wasa ta bikin fina-finai na Cannes a 1996, ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Back to Back daga Ostireliya kuma ta karɓi kyautar Ibsen a 2022.

Ba baiwa kaɗai ta kai su ba. Kowannensu ya sami wurin zuwa kullum, da kayan aiki masu kyau, da wani ƙwararre a gefe wanda ke miƙo almakashi amma ba ya sa hannu a aikin, da mai kai hajar kasuwa.

A Abuja akwai harsashi. Gwamnatin birnin na da makarantar yara masu buƙata ta musamman da ta kurame a Kuje, da ta makafi a Jabi. Akwai cibiyoyi masu zaman kansu, sai dai kuɗinsu ya fi ƙarfin ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Akwai doka: Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wa naƙasassu wariya a Janairu 2019, wadda ta nemi hukumomin gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, aka kuma kafa hukumar kula da su ta ƙasa a 2020, hedikwatarta a nan Abuja. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda Najeriya ta amince da ita a 2010, ta ce a sashe na 30 a ba su damar amfani da basirarsu ta fasaha don amfanin kansu da kuma amfanin al'umma. Amma guraben kashi 5 ɗin nan da takardar shaidar karatu ake neman su, don haka gurgu mai digiri zai iya samu, makaho mai digiri zai iya samu, mai larurar Down kuwa ko layin bai isa ba. Makaranta kuma tana ƙarewa. Saurayin da aka sha wahala aka koya masa riƙe buroshi da zama cikin mutane sai ya koma gida yana da shekara 18 ko 20, ya zauna gaban talabijin, abin da ya koya ya zube.

Ni a ganina ba sai mun kwafo Oakland ba, domin tsarin da ake buƙata yana cikin al'adarmu. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, ba a aji ta koyi ginin tukwane ba. A hannun gwaggonta ta koya, da kallo da maimaitawa, kafin ta shiga cibiyar ginin tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu, a 1954. Haka ake koyon ɗinkin hula, da saƙar tabarma da faifai, da dukanci, da rini irin na Ƙofar Mata, da sassaƙar ƙwarya. Yaro ya zauna kusa da maigida, a ba shi abu ɗaya ya yi ta yi har hannunsa ya faɗa, sannan a ƙara masa. Wannan ita ce ainihin hanyar da masana ke cewa ta fi dacewa da mai raunin fahimta: a gutsuttsura aiki, a nuna maimakon a yi dogon bayani, a maimaita ba gajiya. Da yawa daga cikinsu suna da juriyar maimaita abu ɗaya da ta fi ta sauran yara. Maginan tukwane na Ushafa da na Bwari suna nan, masu sayar da kayan gargajiya suna nan, Cibiyar Cyprian Ekwensi a Area 10 tana da fili. Abin da babu shi ne wanda zai haɗa maigidan sana'a da malamin da ya san larurar, ya kuma biya maigidan ladan lokacinsa, domin koyar da irin wannan almajiri yana cin yini.

Wannan hanya tana kuma kwantar da hankalin iyayen da ke ƙyamar zanen mai rai saboda addini. Dagi da zayyanar allo da adon bangon gida da ƙirar hula ba su da wannan matsala, kuma ayyukan Judith Scott da Nnena Kalu da duniya ke yabo ba surar mutum ko dabba a cikinsu.

Sai dai akwai haɗari, kuma dole a faɗe shi tun kafin a fara. Na ɗaya shi ne kasuwar tausayi. Ana shirya biki a otal ranar 21 ga Maris ko 3 ga Disamba, ranakun tunawa da masu naƙasa, a jera yara a sa su rawa, manyan baƙi su share hawaye su sayi zane da ba za su rataya ba. Dokar 2019 ta hana yawo da naƙasasshe don neman sadaka, kuma wasu bukukuwan ba su da nisa da hakan. Wanda ya saya don tausayi sau ɗaya yake saye. Wanda ya sayi hula don ta yi masa kyau zai dawo. Na biyu shi ne hannun malami: idan malama ta gyara layin, ta zaɓi launin, ta ƙarasa gefen, to aikin nata ne, kuma yaron ya san haka ko bai faɗa ba. Na uku, wanda ya fi kowanne, shi ne kuɗi. Mutumin da ba ya iya ƙirga canji, wa ke karɓar kuɗin aikinsa? Fiƙihun da muka gada ya riga ya yi magana: dukiyar wanda ba ya iya juya ta waliyyi ne ke riƙewa, amma ba ta zama tasa ba, amana ce da ake ciyar da mai ita daga ciki. Ya kamata kowane mai aiki ya kasance da asusu da sunansa, da rubutacciyar yarjejeniya kan kason da cibiya za ta cire na kayan aiki, da wani na uku da ke duba lissafin. A kuma tambaye shi kansa ko yana son a sayar. Wani yakan so ya ajiye abinsa, kuma yana da wannan haƙƙin.

Ta fuskar kasuwa akwai dabarar da ta dace da mu. A Japan wasu tagwaye 'yan gidan Matsuda, waɗanda yayansu ke da otizim da raunin fahimta, sun kafa kamfanin Heralbony a 2018. Ba zanen kansa suke sayarwa kawai ba, izinin amfani da shi suke bayarwa, a buga a kan gyale da jaka da bangon otal, mai zanen ya riƙa samun kasonsa duk lokacin da aka yi amfani da aikinsa. Ƙasar da ake fitar da ankon biki kowane mako, mata ke neman sabon zanen atamfa da mayafi, ba ta rasa inda za ta kai irin wannan ba. Ma'aikatu da hukumomin Abuja kuma kullum cikin sayen jakunkunan taro da kyaututtukan baƙi suke. Hukumar naƙasassu da ma'aikatar fasaha za su iya fara da kansu: su ware wani kaso na wannan sayayya ga ɗakunan aikin da suka nuna asusun ma'aikatansu da yarjejeniyarsu, su kuma mayar da kayan da ba su yi kyau ba a sake, kamar yadda za su yi wa kowane ɗan kwangila.